Cediyar Da Na Sare Don Sola

Kazaure,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yar da ta ci sunan mahaifiyarsa, wadda har yau bakinsa bai iya kama sunanta ba. Allah ya kai ki Gwiwa lafiya, ya sa ki shiga gidan da ƙafar dama, ya tsare ki a hanya da bayan hanya, ya sanya albarka tsakaninki da Nasiru da duk wanda za ki tarar a can.

Na naɗe wannan takarda a cikin dardumarki, domin na san ita za ki fara warwarewa idan kun sauka ranar Juma'a. Za ki yi dariya, ki ce mutumin da ƙofarsa ke kallon taki ya rasa hanyar magana sai da biro. Ki yi mini uzuri. Shekara talatin na yi ina gyara rubutun mutane a gidan jarida, har bakina ya yi nauyi, hannuna ya fi shi saurin faɗin gaskiya. Nasihar zaman aure kuwa gwaggonninki sun yi miki har ta ishe ki, ba zan ƙara ba. Maganar bishiya ce ta zaunar da ni.

Shekaranjiya, da kuka dawo daga duba gidan, kina zuba mini shayi kina ba ni labari. Kin ce abin da kika tara daga albashin koyarwa ya isa a sa sola. Kin ce mai haɗawa ya hau ya duba, ya ce darbejiyar tsakar gida tana rufe kwanon ɗakunanku, sai an sare ta, kuma an riga an yi magana da masu sara, za su zo ranar Asabar. Sannan kika ƙara, kina juya cokali a kofi: "Gwamma a yi kafin Hajiya ta dawo daga Achilafiya, Baba, don kada abin ya zama surutu." Hajiyar ita ce mahaifiyar Nasiru, wadda ke da bakinki kika ce a gindin bishiyar take wuni.

Na ajiye kofin, kika ɗauka shayin ne ya yi mini zafi. Abin da ya faru shi ne na ji maganata ta fito daga bakinki, kusan kalma da kalma, bayan shekara bakwai.

A jarida, idan muka buga abin da ba daidai ba, washegari mukan sa gyara a can ƙasan shafi da ƙananan haruffa, muna fatan kada kowa ya gani. Wannan wasiƙa gyara ce, kuma da manyan haruffa nake so ki karanta ta. Lokacin da kika dawo hutu daga karatu a Kano kika tarar babu cediyar gidan nan, na ce miki gara ce ta cinye cikinta, tana neman faɗa wa katanga. Ba haka ba ne. Lafiyarta ƙalau. Ni na sa aka sare ta saboda sola, Innarki tana Roni.

Bari in ɗauko miki daga tushe. Ranar da aka kawo Innarki gidan nan, cikin kayanta akwai wani itace mai tsawon kamu biyu, an naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Mata suka yi ta dariya, wai amarya ta zo da sandar dukan miji. Reshen cediya ne daga ƙofar gidan mahaifinta, can rugarsu ta wajen Roni. Ta kafa shi a tsakar gida, tana zuba masa ruwan alwala. Ni a lokacin ina Kaduna wajen aiki, sai ƙarshen wata nake zuwa, saboda haka ban ga girmanta a hankali ba, a tsallake na gan shi. Wannan zuwan ta kai kafaɗata. Wancan ta leƙa bayan katanga. Wata shekara na yi sallama na shigo, na ɗaga kai, na ga samanmu ta koma kore.

Sauran kin san shi, domin a gindinta kika yi rarrafe. Amma ban sani ba ko kin lura cewa a da gidan nan ba ya duba agogo. Da hantsi inuwar tana kwance a kan madafi. Idan ta tattaru a gindi kamar kaza a kan ƙwai, azahar ta yi. Daga nan sai ta miƙe ta hau kwanon ɗakunanmu ta kwanta, ba ta sauka sai rana ta faɗi. Haske yana tsiyayowa ta tsakanin ganyen, yana zuba a tabarma kamar sulalla, yana rawa, ke kuma kina bin sa da tafin hannu kina so ki kama. Kurciyoyi biyu suna can sama suna ta nanata magana ɗaya. Matan unguwa a nan suke kitso, a nan suke tsintar shinkafa. Da rani, idan ciyawa ta ƙare, ganyenta ake karya wa awaki. Duk wannan ina ganinsa, amma kamar yadda mutum yake ganin hancinsa nake ganinsa.

Da na yi ritaya aka ba ni kuɗin sallama, na dawo Kazaure da niyyar in huta in karanta littattafan da na tara ban buɗe ba. Wutar gari kin san halinta, baƙuwa ce mai zuwa ba sallama, ta tafi ba sallama. Ɗan janaretan da muke da shi kuwa yana shan fetur kamar an huda cikinsa, ga ƙara, ga hayaƙi. Sai na zauna na yi lissafi. Na rubuta abin da ke fita daga aljihuna a mako: fetur, baƙin mai, ladan bakanike, ƙanƙarar da ake sayowa da azumi, batirin tocila. Na tara na shekara. A ɗaya gefen na sa kuɗin sola gaba ɗaya, faranti huɗu, manyan batura biyu, inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida, da ladan aiki. Ya kama kusan kuɗin bijimai biyu masu kyau a kasuwar wancan lokacin. Da na raba, takarda ta ce cikin shekara uku kuɗina zai dawo, daga nan rana za ta riƙa yi mini aiki ba lada.

Wannan lissafin ba shi da laifi, ina ma so ki yi irinsa. Kada ki auna da abin da mai sayarwa ya faɗa, ki auna da abin da ke fita daga jakarki a mako, ki rubuta shi wata guda cur kafin ki yarda da kanki. Sai dai na sha gaya wa sababbin 'yan jarida cewa labari yana iya zama gaskiya a kowace jimla, amma ya tashi ƙarya gaba ɗayansa saboda abin da aka bari a waje. Na koya wa wasu, ni ban ji ba.

Wanda ya haɗa mini sunansa Ɗanlami, mutum ne mai gaskiya, ba ni da abin da zan ɗora masa. Ya kafa tsani ya hau, ya daɗe yana dubawa, ya sauko yana karkaɗe wando.

"Baba, kwanon ya yi, amma bishiyar nan ba za ta bari ba. Farantin sola ba ya son inuwa ko ta tafin hannu. Ganye ya rufe gefe ɗaya, sai duk layin ya yi sanyi."

Na ce, "To mene ne abin yi?"

"Hanya biyu ce. Ko a sare ta, ko mu kai farantan kan zaure. Can rana ce tun safe har yamma. Amma batir ba a barin sa a zaure inda kowa ke shiga, dole ya zauna ciki. Daga can zuwa nan kuwa da tazara, sai an sa waya mai kauri, ta jan ƙarfe zalla. In aka sa siririya, a hanya wutar za ta zube."

"Nawa ne wayar?"

Ya faɗa. Kuɗin matsakaicin rago ne.

Na koma kan takardata. Kuɗin rago zai ƙara mini wata huɗu a kan shekara ukun nan. Masu sara kuwa ba sa karɓar ko kwabo, itacen shi ne ladansu. A shafin nan nawa akwai layin fetur, akwai layin ƙanƙara, har batirin tocila yana da layinsa, amma inuwa ba ta da layi, domin ban taɓa biyan kuɗinta ba. Abin da ba a taɓa saya ba sai mai lissafi ya ɗauka ba shi da daraja. A makon nan Innarki ta tafi Roni suna, za ta yi kwana bakwai. Na dubi Ɗanlami na ce, "Gwamma a yi kafin ta dawo, don kada abin ya zama surutu."

Sun fara da hantsi, kafin la'asar sun gama. Shekara ashirin da shida, cikin rabin wuni. Ina tuna farin ruwan da ke fita daga rassan, kamar nono, yana ɗiga a ƙasa. Ina tuna kurciyoyin suna kewaya wurin da babu komai, su yi kamar za su sauka, su fasa. Da babban reshen ya faɗi, rana ta zubo cikin gidan gaba ɗaya kamar an kifar da tulu. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Na tsaya ina kallon hasken nan ina cewa a raina duk wannan nawa ne.

Ta dawo ranar Lahadi da yamma, ɗauke da ƙwaryar man shanu. Ta yi sallama, ta shigo, ta tsaya. Na riga na shirya bayani, takardar lissafina tana aljihu. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi katangu huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ta sauke ƙwaryar a kan kututturen, domin daman a gindin nan ta saba ajiye kaya idan ta dawo daga tafiya. Sai ta ce, "Ashe gidan nan ƙarami ne, Malam."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Kin san kunyar Fulani, ba su iya nuna inda ke ciwo ba. Da magariba na kunna mata fitilu, na buɗe firij na nuna mata yana sanyi ba tare da ƙarar inji ba, ta ce, "Allah ya sa alheri." Takardar ba ta fito daga aljihuna ba. Ranar da nake gaya miki labarin gara kuma tana zaune tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba. Ta rufa mini asiri, ni kuma na bar ta ta rufa.

Ga abu na farko da nake so ki riƙe, Uwata. Duk aikin da sai wani ya yi tafiya sannan za a iya yin sa, to an riga an san amsar da zai bayar, ana gudun jin ta ne kawai.

Kin san abokina Malam Bukar na Babura, ɗan kasuwar nan da ke shiga Nijar, wanda lissafin sefa ya fi masa na naira sauƙi. Shi Babarbare, Innarki Bafulatana, saboda haka ba sa haɗuwa sai an yi wasa. Da ya shimfiɗa buzunsa a gindin cediya zai ce, "Bafulatana, kawo furar nan in ga ko yau ma ruwa ya fi nono yawa." Ita kuma daga madafi ta ce, "In ka ji ruwa, don kai aka ƙara, kada cikinka ya firgita da abin kirki." Shekara da shekaru haka suke. Zuwansa na farko bayan saran, ya shigo da buzu a hammata, ya ja ya tsaya. Ya cire hula ya shafa kai.

"Edita, ka yi wa gidan aski."

Na fara yi masa bayanin faranti da inuwa. Bai saurare ni ba, Innarki yake kallo. A ranar bai tsokane ta ba, ita ma ba ta tsokane shi ba. A zaure ya sha furarsa. Da na raka shi bakin mota ya ce, "Kai da ka karanta littattafan duniya, a wanne aka ce a sayar da inuwa a sayi fanka?" Na yi dariya, na ce masa zamani ne.

Sai bazara ta zo ta duba mini lissafin. Kwanon da ya shekara ashirin da wani abu a lulluɓe ya wayi gari tsirara. Daga azahar ɗakunan suka koma tanda, bango yana riƙe zafi har asuba. A takardata fanka biyu na rubuta, na 'yan sa'o'i. Suka zama huɗu, ba sa tsayawa. Ƙarfin da na ce zai ishe mu har ya yi saura, fanka ta shanye shi wajen korar zafin da ni na gayyato. Ɗakin da baturan suke ma ya ɗau zafi, ashe shi batir zafi ne ajalinsa. Na yi musu lissafin shekara huɗu, ba su cika biyu ba suka mutu. Ɗanlami ya taɓa su da bayan hannu ya ce, "Baba, waɗannan ai dahuwa suka yi."

A nan na yi kuskure na biyu, don in rufe na farko. Ina so lissafina ya koma kan hanya, sai na sayi batura na hannu wajen wani mutum da ya ce daga wani ofis aka cire su, kusan sababbi. Suna ta ƙyalli, an goge su tas. Malam Bukar ya zagaya su ya ce batir kamar doki ne, ba a sayen sa don kyan gashi, sai an buɗe baki an ga haƙori. Damina ɗaya suka yi. Na uku sai da na sayi sababbi, da tsadar da ta fi ta farko.

To ki sani, farantin sola jaki ne, yana daɗewa, ba ya neman komai sai a goge masa baya. Batir shi ne mai tsufa, shi ne zai dawo ya sake neman kuɗinki. Duk lissafin da bai sa ranar mutuwar batir a ciki ba, mafarki ne. Tun ranar da aka haɗa, ki fara ware masa ɗan abu duk wata, kamar zubin adashe. Ki sayi mafi kyau da ƙarfinki ya kai, ko da za ki rage yawan fitilu. Ki ajiye shi a ɗakin da ya fi kowane sanyi da iska. Aiki mai nauyi, irin su guga da jan ruwa, ki yi shi da rana tsaka lokacin da farantan ke cika suna tumbatsa, kada ki bari sai rana ta faɗi ki ɗora wa batir. Dutsen guga na gawayi kuma kada ki bayar da shi kyauta tukuna.

Akwai wani layin da ban sa ba, shi ne maƙwabta. Mu a nan ba a hana maƙwabci garwashi. Tun ina yaro mace takan shigo da kasko ta ɗebi na hura murhunta, ba ta ma tsaya dogon roƙo ba, domin gobe ita za a je wa. Da labari ya bazu cewa gidan Edita ba a ɗauke wuta, sai wayoyi suka fara zuwa, daga biyu zuwa goma, da tocila mai caji, da rediyo. Da layya kuwa firij ɗinmu ya zama na unguwa, kowace leda da alamar mai ita. Raina ya ɓaci, domin ina kallon allurar batir tana sauka. Abin da na iya shi na yi: na rubuta sanarwa da kyakkyawan rubutu, na ƙayyade lokacin caji, na liƙa a zaure. Ba ta kwana ba. Innarki ta ɓamɓare ta ta hura murhu da ita.

"Ba a rubuta wa maƙwabci takarda, Malam. Nan ba kotu ba ce."

Ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya cikin hira, ta ce su riƙa kawowa da hantsi lokacin da rana ke da ƙarfi. Abin da na rubuta shi ta faɗa, amma ba wanda ya ji haushi. Da kaka kuma na ga dammunan gero da kwanon wake suna shigowa daga gidajen da ban taɓa ba su rance ba. Wannan ma ba shi da layi a takardata. Saboda haka ki sa maƙwabtanki na Gwiwa cikin lissafi tun farko, ki sa a ja musu wurin caji a zaure. Ranar tsakiyar wuni ta fi ƙarfin gida ɗaya.

Abin da na lura da shi daga baya shi ne, matan da a da suke wuni a gidan nan, yanzu sai su ajiye waya su juya. Babu wurin zama. Gidan ya cika da wayoyin mutane, ya rasa mutanen. Innarki ta mayar da turminta lungun madafi, tana bin 'yar inuwar katanga kamar mai bin bango a kasuwa.

Kada ki fahimce ni a baibai. Sola alheri ce, ban yi nadamar sa ta ba, kuma ina goyon bayanki ki sa. Ta raba mu da hayaƙi da ƙara. Na karanta littattafaina. Fetur ya yi ta hawa, ni ina zaune ban ji a jikina ba. Da Innarki ta kwanta ciwo, a firij ɗin nan maganinta ya zauna da sanyinsa. Rana ba ta ci amanata ba. Ni ne na biya kuɗin da ba a nema ba.

A bazararta ta ƙarshe kina nan, za ki tuna. Wata rana bayan la'asar ta ce a fitar da ita tsakar gida, ɗaki ya ishe ta. Muka rasa inda za mu shimfiɗa mata, har sai da muka ɗaura zani daga ƙusar bango zuwa igiyar shanya. Na jawo fanka na kafa mata. Kin shiga ɗauko ruwa, shi ya sa ba ki ji ba. Idonta a rufe ta ce, "Iskar fanka ba daga ko'ina take zuwa ba, Malam. Ta cediya kuwa, in ta taso, sai in ji kamar daga gida take."

Sau ɗaya ke nan ta ambaci sunanta a shekara biyar. Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin mafarki ta yi maganar. Na so in ce ta yafe mini. Na tsaya neman jimlar da ta dace, irin ta mai gyaran rubutu, har kika dawo da ruwan.

Kuɗin solar ya dawo, amma a shekara ta shida, ba ta uku ba. Shekara guda ke nan bayan rasuwarta. Na zauna na tara, na ga ya cika, na ja layi biyu a ƙasa yadda aka koya mana a makaranta. Na ɗaga kai in gaya wa wani. Kina makaranta wajen aiki. Tsakar gida fari fat, ba kowa sai kututture.

Akwai abin da ban faɗa ba game da kututturen nan. Ita cediya ba ta mutuwa da sauƙi. Duk damina sai ya toho, ni kuma sai in sa a datse, don kada ya kai kwano. Innarki tana gani. Sai da ta tafi na daina. Bara na kira Ɗanlami ya mayar da farantan kan zaure, na sayi wayar nan mai kauri, wadda yanzu kuɗinta ya wuce na wancan ragon nesa. Yana aikin yana cewa, "Ai Baba tun farko na faɗa." Na ce ya faɗa. Tohon da kike gani ina zuba wa ruwan alwala, kina ce mini na zama mai lambu, shi ne. Ya kai kafaɗata yanzu. Wani lokaci bayan azahar barci yakan ɗauke ni a kujera kusa da shi, sai in ga sulallan nan na haske suna rawa a tabarma, in ji daka a inda turmi yake a da, in ji kurciya. In farka rana tana dukan ƙafata. Na yi lissafin shekarun da zai ɗauka kafin ya rufe kwano, na yi na shekaruna, ban ja layi a ƙasa ba. Sola takan mayar da kuɗinta mutum yana raye. Inuwa sai dai a dasa wa wani.

Ga roƙona. Tun ranar Juma'ar da kika warware wannan takarda, kafin ki buɗe sauran akwatuna, ki sa Nasiru ya kira masu sara ya ce su dakata. Kada ki ɗauki shirunsa a matsayin yarda. Ango ne, kuɗin kuma naki ne, yana iya jin nauyin ya ce miki a'a a kan bishiyar da ya girma a gindinta. Ki tambaye shi ku biyu kawai.

Sannan ki ba gidan kwana uku kina kallo. Da hantsi, da azahar, da la'asar, ki zaga bakin inuwar da toka, ki ga inda take zuwa da inda ba ta taɓa zuwa. Ki dubi kan zaure, da kan madafi, da ɗakin ajiya, da filin bayan gida inda za a iya kafa wa farantan ƙafafun ƙarfe. Wataƙila ma reshe ɗaya ko biyu ne za a rage. Ki sake kiran mai haɗawa ki ce masa, "Mece ce hanya ta biyu?" Kusan kullum akwai ta, sai dai ba a faɗar ta ga wanda ya nuna yana sauri. Ki tuna kuma rana tana sauya hanya, inuwar sanyi dabam, ta damina dabam, kuma ba injiniyan da ya san tafiyar inuwar gidan nan kamar wadda ta shekara arba'in tana jan tabarma tana bin ta. Ki jira Hajiya. Ki tambaye ta, za ki ga yadda fuskarta za ta yi. In bayan duk wannan ya zama dole sai an sare, to a sare tana zaune, da yardarta. Wata guda a duhu ba ya kashe kowa, mun yi shekaru a haka.

Kin ce darbejiya ce kawai, ba ta 'ya'yan ci. Cediya ma ba wanda ke kai 'ya'yanta kasuwa.

Idan kin ji kukan rago a motar kaya, kada ki yi faɗa da direba, ba kuskure ba ne. Farin nan ne mai baƙin kunne da nake kiwo don layya. Na sa a ɗaure shi a bayan gado. Ranar da kasuwar Gwiwa ke ci Nasiru ya kai shi, abin da aka samu ku sa a waya mai kauri, in bai isa ba ki aiko mini. Kada ki damu da layyata, Allah zai hore wani. Wannan ragon tun shekara bakwai ya kamata ya bar gidan nan.

Allah ya tsare ki da tsarewarsa, ya haskaka gidanki, ya sanyaya shi. Ya ba ki maƙwabta na gari, ya sa ke ma ki zame musu haka. Ya kare ki daga gaggawar masu ilimi, irin wadda ta ci mahaifinki. Ya jiƙan Innarki, ya yalwata makwancinta, ya sa ta inda inuwa ba ta janyewa. Ki sa ta a addu'a, ni ma ki sa ni, kuma ki yafe mini maganar gara.

Ki gaida Nasiru. Idan Hajiya ta dawo daga Achilafiya ki isar mata da gaisuwata. Ina fata a inuwa za ki durƙusa ki gaishe ta.

Wassalam.

Naki,
Baba.